Yaya za a raba mara lafiya da clobetasol alhali tana shan ritonavir?

Assalamu alaikum, likitocin fata da masana magunguna. Ga wata matsala da ta cije, a taimaka da shawara.

Mace ce mai shekara 34, wata takwas tana shafa clobetasol 0.05%, wato man steroid mai ƙarfi sosai, a fuska da wuya, safe da dare. Bututu mai giram 30 ba ya kai mata kwana goma. Maganin 'yan makonni ne, kuma fuska ba wurinsa ba ce tun farko. Yanzu fatar kumatu ta yi laƙai-laƙai, ƙananan jijiyoyi sun bayyana kamar zare, ga ƙuraje kewaye da baki. Da ta daina, cikin kwana uku fuskar ta ɗau zafi da raɗaɗi tana saɓa, sai ta koma wa bututun.

An sauko da ita zuwa hydrocortisone 1%, steroid mara ƙarfi, bai riƙe ba. Tacrolimus 0.1% kuwa, man shafawa da ba steroid ba, ta ce kamar an ɗora mata garwashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ritonavir da take sha, maganin da ake amfani da shi a kan ƙwayoyin cuta irin su HIV. Yana toshe CYP3A4, sinadarin da ke narkar da magunguna a hanta, don haka abin da ya ratsa fata yana iya daɗewa a jini. Fuskarta ta fara zama kewayayya, ga kasala. Abin tsoro shi ne ko glandar adrenal, mai samar da sinadarin cortisol a jiki, ta riga ta kwanta, a yanke maganin farat ɗaya jininta ya faɗi.

Shin a auna cortisol na ƙarfe 8 na safe kafin a taɓa komai? Kuma ragewar, a bi ta steroid mai matsakaicin ƙarfi, ko a riƙa tsallake kwanaki da clobetasol ɗin, har tsawon mako nawa? Maganin ƙwayoyin cuta doxycycline na ƙurajen kewayen baki fa, yanzu ko sai fatar ta lafa?