Waƙafi kafin "and": kuskure ne ko salo?

Uwar ɗaliba: Assalamu alaikum jama'a. Ina so ku raba mana gardama. 'Yata tana aji biyu a babbar sakandare, jiya ta dawo ranta a ɓace. Ta rubuta "My mother bought rice, beans, and palm oil", sai malaminsu ya zagaye waƙafin da ke bayan "beans" da jan biro, ya ce ba a sa waƙafi kafin "and". Wuri huɗu ya rage mata maki a kan haka. Ita kuma ta rantse haka take gani a littattafan da take karantawa. Wa ke da gaskiya?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam Hajiya. Malamin bai zalunce ta ba. Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci, haka aka koya mana, haka muka koyar. Waƙafi yana tsayawa ne a madadin "and". Idan "and" ɗin ta zo da kanta, me ya rage masa? Ɗaure akuya ne da igiya biyu a turke ɗaya. Mu Turancin Ingila muke bi a ƙasar nan, su kuma yawancinsu ba sa sa shi. Ku dubi kwabon pensi 50 da Birtaniya ta buga a Janairun 2020 da ta fita daga Tarayyar Turai. An rubuta "Peace, prosperity and friendship with all nations". Gwamnatin masu harshen ce fa, kuma babu waƙafi kafin "and".

Lauya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya. A gafarce ni, amma a nan ban bi ka ba. Shi waƙafin nan sunansa ma waƙafin Oxford, domin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ce ta daɗe tana sa shi a littattafanta. Oxford kuwa a Ingila take. Kuma da kwabon ya fito, 'yan Ingilan ne da kansu suka yi ta cacar baki a kan rashinsa.

Bari in kawo abin da ya faru a kotu. A jihar Maine ta Amurka, direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst Dairy sun kai ƙara a 2014 suna neman kuɗin aikin da suka yi bayan lokacin tashi. Dokar jihar ta lissafa ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, jerin ya ƙare da "storing, packing for shipment or distribution of" kayan abinci masu saurin lalacewa. Kamfanin ya ce abu biyu ake nufi a ƙarshen: ɗaure kaya daban, raba kaya daban, don haka direba mai raba kaya ba shi da haƙƙi. Direbobin suka ce abu ɗaya ne, wato ɗaure kayan da za a aika ko za a raba, su kuwa ba sa ɗaure komai, tuƙi suke yi. Da akwai waƙafi bayan "shipment", da magana ta ƙare tun a nan. Kotun farko ta ba kamfanin gaskiya. A Maris 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce jimlar tana ɗaukar fassara biyu. A 2018 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 5. Tun da na karanta shari'ar nan ban sake rubuta yarjejeniya ba tare da shi ba.

Ɗan jarida: Barista, labarin gaskiya ne, amma ka bar rabinsa. Kotun ba ta ce waƙafin wajibi ne ba. Cewa ta yi tunda dokar ta rikice, za a karanta ta ta yadda za ta amfani ma'aikaci. Kuma ƙa'idar rubuta dokoki ta jihar ita ce ta hana sa waƙafin tun farko. Da 'yan majalisar suka zo gyara, sai suka raba jerin da waƙafi mai ruwa (;). Matsalar ginin jimlar ce gaba ɗaya.

Mu a aikin jarida ba ma sa shi a jeri mai sauƙi, haka ma tsarin kamfanin dillancin labarai na AP yake. Sannan sa waƙafin ma yana kawo nasa ruɗanin. Duba wannan: "I greeted my uncle, the imam, and the driver." Mutum nawa na gaisar? Uku, ko kuwa kawun nawa shi ne limamin?

Lauya: To juya ta mana. "I thanked my parents, the driver and the cook." Ga mai karatu nan yana zaton iyayena su ne direba da kuku.

Mai gyaran rubutu: Kun ga ku biyun kun nuna abu ɗaya ba ku lura ba. Kowane tsari yana da jimlar da ke kayar da shi, kuma maganin duka biyun sake jera kalmomin ne. A ce "the driver, the cook and my parents", shi ke nan.

Ni abin da ya dame ni shi ne kalmar "kuskure" da aka gaya wa yarinyar. Littafin ƙa'idojin rubutu na Jami'ar Chicago, wanda maɗaba'u da yawa na Amurka ke bi, ya ce a sa. AP ta ce a bari sai in rashinsa zai rikita ma'ana. Abin da manyan gidajen rubutu suka rabu a kansa ba a kiransa kuskure.

Kuma ina ganin akwai dalilin da ya sa abin yake mana baƙo. Mu a Hausa ba mu da wannan rigimar, domin maimaita "da" muke yi: na sayi shinkafa da wake da manja. Kowane abu da nasa "da", babu wanda ya jingina da wani. Bature kuwa "and" ɗaya yake ba jerin duka, sauran aikin ya bar wa waƙafi. Shi ya sa wajen na ƙarshen ake samun tangarɗa.

Tsohon malami: 'Yata, na ji bayaninki, kuma batun "da" ɗin nan ban taɓa kallonsa haka ba. Amma ku tuna malami yara sittin ko fiye yake fama da su a aji. In ka ce musu "a sa ko a bari duk ɗaya ne", gobe za ka ga waƙafi a gaban kowace "and" a takarda. "Bread, and butter." Na gani da idona ba sau ɗaya ba. A jarrabawar WAEC akwai kason maki na musamman a insha'i don rubutun kalmomi da alamomin rubutu, kowane kuskure yana cin wani abu. Ƙa'ida ɗaya miƙaƙƙiya ta fi kare yaro.

Mai gyaran rubutu: Baba Malam, damuwarka a wurinta take. Sai dai ƙa'idar "kada a sa waƙafi kafin and" in aka bar ta haka tsirara, tana jefa yaro cikin kuskure na gaske. Karanta wannan: "She fed the children and the goats ran away." Sai ka kai "ran" kafin ka gane ba awakin ta ciyar ba. Nan cikakkun jimloli biyu ne "and" ta haɗa, kowace da mai aikinta da aikinta, kuma har a Ingila ana sa waƙafi a irin wannan wuri: "She fed the children, and the goats ran away." Yaron da aka tsorata da jan biro ba zai sa ba.

Cikin rubutun da ke zuwa hannuna, ba waƙafin Oxford ne ke ba ni aiki ba. Mu mun saba jera ayyuka: ya tashi, ya yi alwala, ya tafi masallaci. Hausa ce lafiyayya. Sai a kwashe ta haka a kai Turanci, a rubuta "He came late, the gate was locked", jimloli biyu an liƙe su da waƙafi kaɗai. Wannan kam kowane tsari ya ƙi shi, sai dai aya, ko waƙafi mai ruwa, ko a shigo da "and". Na biyu shi ne raba mai aiki da aikinsa: "The man who sold us the land, has died." An sa waƙafin ne don a nan mutum yake jan numfashi, alhali ba wurinsa ba ne. Waɗannan biyun su suka cancanci jan biro.

Ɗan jarida: Wannan na ƙarshen kullum sai na cire shi a rahotannin sababbin ma'aikata.

Tsohon malami: A kan waɗannan biyun bakinmu ɗaya. Batun awakin ma na karɓa, dama a jeri nake nufi, ko da yake na yarda ba haka muke faɗa wa yara ba. Amma a jeri mai sauƙi irin na shinkafa da wake, har gobe ni ba zan koyar da shi ba. In da takardar a hannuna take, zan gaya mata tsarin da makaranta ke bi, ba zan rage maki ba tunda ta sa shi a duka wuri huɗun, ba ta yi nan da can ba.

Lauya: Ni kuma Malam har gobe zan sa. Amma a kan makin, na tsaya inda ka tsaya.

Uwar ɗaliba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na sake duba takardar. Akwai wuri biyu da ta liƙe jimloli da waƙafi kamar misalin ƙofar nan, kuma ba a zagaye ko ɗaya ba. Ranar Litinin in sha Allah zan je in ga malamin da takardar a hannuna, in nuna masa duka shidan.