Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Har Da Ofis Da Gona?

Akanta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina roƙon iyayena da yayyena su warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Shekara uku ke nan ina aikin akanta a wata ma'aikatar gwamnati, kuma bara na karɓi yanki a gonar mahaifina da ke fadamar Argungu na fara noman shinkafa na rani. Sha'awa ce ta kai ni, domin bayan na yi kwana biyar ina zura wa lambobi ido a kwamfuta, babu abin da ke wanke mini kai kamar in tsaya cikin laka ranar Asabar ina jin ƙarar injin ban ruwa. A ƙarshen watan jiya na makara wajen miƙa lissafin wata, saboda tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonar daidai lokacin da shinkafa ta fid da kai. Shugabana bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce, "Yaro, taura biyu ba ta taunuwa." Ni kuwa na taso ina jin kakata tana cewa gida biyu maganin gobara. Wanne ne nawa a cikin biyun?

Malamin Hausa, Jega:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a yi gardama a kan ma'ana, ya kamata a fara duban taurar kanta. Wanda ya taɓa cin ta ya san ƙwallonta babba ne mai tauri, ɗan garin da ake nema kuma yana maƙale cikin zaruruwa, sai an yi ta juya ta a baki ana gurgura kafin a sami zaƙin. Idan ka cusa biyu, harshe ba ya samun wurin juyawa, sai ka tashi ba ka ci ko ɗaya ba. Saboda haka karin maganar ba ta hana mutum cin taura biyu ba, ko goma ma, abin da ta hana shi ne haɗa su a baki ɗaya a lokaci ɗaya. Ta kakarka kuwa tanadi take koyarwa, wato ka sami inda za ka raɓa idan wuta ta cinye ɗaki. A ganina babu saɓani a tsakaninsu.

Tsohon ma'aikaci, Gwandu:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma ya sassauta wa yaron nan fiye da kima. Ɗana, ta fuskar doka ba ka yi laifi ba, domin ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma sun keɓe noma. Mu ma a zamaninmu kowa yana da gona. Bambancin shi ne gero da dawa muke shukawa da damina, Allah ya ba su ruwa, mu leƙa su bayan an tashi aiki. Shinkafar rani ba haka take ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a nan Kebbi a watan Nuwamban 2015, na ga ma'aikata da yawa sun auka mata suna zaton ta ranar hutu ce, alhali ita kullum tana neman ruwa, tana neman taki a kan lokaci, jan-baki kuma ba ya duba kalanda kafin ya sauka. Ranar da gona da ofis suka nemi safiya ɗaya a wurinka, ranar taura ta zama biyu, kuma shugabanka ya faɗi gaskiya.

Ma'aikaciyar jinya, Yauri:
Baba, a gafarce ni, akwai abin da ba a taɓo ba. Shi ɗan'uwan nan ya ce don ya huta ya shiga gona. Ni ma haka na fara saƙa kayan jarirai idan na dawo daga aikin dare, domin hannuna ya yi wani abu yayin da zuciyata ke sauka. Da mutane suka gani suka fara ba da kuɗi suna sa ranar suna, sai na wayi gari ina saƙa ina kallon agogo, abin da nake hutawa da shi ya koma wani aikin daren. Ban ga laifin neman ƙari ba, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Amma ya kamata ya tambayi kansa ko gonar nan har yanzu wurin shan iska ce, ko kuwa ta zama shugaba na biyu. Kuma ina lura ana yawan jefa wa mata wannan karin magana idan suka haɗa aure da karatu, ba kasafai nake jin an jefa wa ɗan kasuwa mai shago uku ba.

Malamin Hausa, Jega:
Hajiya, ƙorafinki yana kan hanya, sai dai laifin na masu jifan ne. Mai shago uku yana da yara uku a shagunan, wato bakin da ke tauna ba ɗaya ba ne. Wadda ta haɗa aure da karatu kuwa, idan an raba mata lokaci an kama mata aikin gida, ita ma ba ta shiga ƙarƙashin maganar ba.

Manomin albasa, Aliero:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ina ganin amsar tana garinku. Kabawa sun daɗe suna haɗa kamun kifi da noma, kuma ba su taɓa jefa homa da hannu ɗaya suna riƙe da fartanya a ɗayan ba, kowace sana'a da lokacinta. Idan ba za ka iya raba lokaci ba, to ka raba aikin. Ka sami mai tsaron tsuntsu ka biya shi, ka lissafa kuɗin cikin abin da gona ta ci, tunda lissafi sana'arka ce.

Akanta, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da ɗan ƙanen mahaifina, zai riƙa kwana kusa da gonar har a yanke shinkafar, a kan buhu biyu idan an sussuka. Tambayar Yaya ta Yauri ce ban iya amsawa ba tukuna, domin Asabar ɗin da ta wuce na je fadama, na tarar da kaina zaune a kan kunyar gona ina lissafin litar man da injin ya sha, ban ko cire takalmi ba.