Musayar Waƙa: Ba'ar Gidan Manyan Ingila da Barorinsu

Alƙalamin Dare: Jigon wannan mako: yadda ake tsara wasan barkwanci mai kwaikwayon finafinan manyan Ingila da barorinsu, zamanin 1910 zuwa 1925. Ƙwar huɗu. Na buɗe.

In za ka yi ba'ar gidan Ingila,
Ka raba dandali biyu da kula,
Sama ga iyayen gida da fitila,
Ƙasa ga barori cikin wahala.

Allon ƙararrawa a bangon ƙasa,
Kowace da sunan ɗakin da ke bisa,
Aka ja waya, boyi ya bar abincinsa,
Don maigida ya yar da alƙalaminsa.

Gimbiyar Baiti:

Ka gina gida, amma ina dariya?
Sarkin barori shi ne jagoran tafiya,
Jarida yake gogewa tun da safiya,
Kar tawada ta taɓa hannun mai dukiya.

Wannan gaskiya ce, haka ake yi da,
Sai ka ƙara taki ɗaya kan al'ada,
Ya goge wasiƙa, ya goge takarda,
Ta ƙone, a tire ya kai tokar ga maigida.

Ɗan Kuge: Kai, Gimbiya ta gama magana! Taki ɗaya kan al'ada, nan masu shiryawa ke faɗuwa. Sai su zuba wauta goma a fitowa guda, mai kallo ya rasa wadda zai yi wa dariya.

Alƙalamin Dare:

Gimbiya kin ƙona takarda kin huta,
Babbar dokar kuwa ba ki faɗe ta,
Ɗan wasa ya murtuke, ya ɓoye wauta,
In ya yi murmushi, dariyar ta ɓata.

An buga kuge, kowa ya sauya tufafi,
Cokula a jere, wuƙaƙe masu kaifi,
Daga waje ake ɗauka, a shiga zurfi,
Baƙo ya fara daga ciki, babban laifi.

Mai Aruli: Malam Alƙalami, dakata. "Daga waje ake": gaɓoɓi biyar marasa nauyi a jere kafin a sami mai nauyi. Babu karin aruli, wato ma'aunin waƙa, da ke ɗaukar haka. Ɗangon nan gurgu ne.

Sarkin Amshi: Haba Malam, ƙirga mana. Kowane ɗango gaɓa 13 ne cif. Rera shi ka ji, ya zauna.

Mai Aruli: Ƙirga daban, awo daban. Nauyin gaɓa ake dubawa.

Ɗan Kuge: Ku dai mutanen Alƙalami ba kwa karɓar gyara.

'Yar Fitila: Na makara, amma kun bar abu mafi girma kuna rigimar gaɓa.

Gado shi ne ƙashin bayan labari,
Gidan na ɗa namiji ne bisa tsari,
Mai 'ya'ya mata yana cikin haɗari,
Magaji baƙo ne daga wani gari.

Rufi na yoyo, harajin gado ya yi tsanani,
Amarya daga Amurka ita ce magani,
Yaƙin 1914 ya sauya zamani,
Boyi guda ke sauya riga ya dawo wani.

A dandali ku ba shi ƙofa biyu da riguna uku a rataye bayan labule. Idan sauyin ya yi jinkiri, dariyar ta huce.

Gimbiyar Baiti:

Alƙalami ya maƙale a teburin manya,
Matakalar baya ce wa barori hanya,
Mai aiki ta fuskanci bango don kunya,
Maigida ya tsaya hira, tana riƙe da tukunya.

Ba ita ake wa dariya ba, ku lura,
Shi ne, da maɓalli ya gagare shi ɗaura,
In ba'a ta sauka ƙasa, maza a gyara,
Mai kallo zai ji ɗaci ya bar saurara.

Mai Aruli: Madalla, Gimbiya. Amma har yanzu ɗangon cokula na nan yadda yake. Ga gyara: "Ɗauki na gefe, sannan ka shiga zurfi."

Sarkin Amshi: Naka gaɓa 12 ne, Malam. Sake lale.