Ukulele ta hannu mai tsaga, ko sabuwa daga Kano? Sati shida ya rage mini

Mushen CM2, Garin Malam
Assalamu alaikum. Shawara nake nema kuma lokaci ya ƙure. Ɗalibaina na CM2, ajin ƙarshe na firamare a nan Zinder, za su yi wasan kwaikwayo kafin hutun Disamba, tatsuniyar yarinyar da ta je ɗibar ruwa da dare ta tarar da Dodo kwance a bakin rijiya. Ina son ɗan kiɗa mai sa tsigar jiki ta tashi daidai inda Dodon zai fito. Bara da tukunya da cokali muka yi, iyaye suka kwashe da dariya a wurin da ya kamata su yi tsit. Ƙarshen Oktoban nan na ga Turawa a YouTube suna kaɗa kiɗan ban tsoro na bikinsu na Halowin da ƴar ƙaramar gitar nan mai tsirkiya huɗu, ukulele, na ce wannan ce daidai hannun yaro.

Biyu ne gabana. Wani ɗan jami'a zai sayar mini da tasa, ƙaramar da ake kira soprano, jika 12, amma akwai tsaga a bayanta kamar tsawon ɗan yatsa. Ko kuma sabuwa, concert wadda ta ɗan fi ta girma, a wani shago a Sabon Garin Kano, in an canja kuɗin ta kama jika 22 ban da na direba. Jika 25 ke aljihuna, kuma kuɗina ne, ba na lakwal ba. Wacce zan ɗauka, kuma wane kiɗa wanda bai taɓa kaɗa komai ba zai iya cikin sati shida? Don Allah kar a ce mini gita, na gwada, ta fi ƙarfin yatsun yara.

Ɗan Zango
Wa alaikumus salam Mushe. Sayi gita kawai.

Lawali Mai Gita
Ya yi gaskiya. Ukulele abin wasan yara ne. Ƙara jika goma ka samu gita ta hannu mai kyau, zan raka ka ka zaɓa.

Mushen CM2, Garin Malam
Ai yaran nake nema wa, Malam Lawali.

Maman Ikram
Mushe, tsaya ka ji nawa kafin ka zubar da kuɗinka. Ƙanena da ke Faransa ya aiko wa ƴata ɗaya, ba irin ta roba ba, itace ne zalla ja kamar maɗaci, har da jakarta. Wani da zai dawo hutu ya kawo ta Yamai, daga can aka ɗoro ta a bas, kusan kilomita 900, ta iso lafiya ƙalau a watan Agusta. Duk damina yarinyar nan ba ta aje ta, har barci take da ita. Sanyi ya shigo, iska ta fara busa. Wani dare a watan Janairu wajen ƙarfe biyu muka ji ƙas! cikin ɗaki, sai tsirkiya ta yi ƙara ita kaɗai. Wallahi ayatul kursiyyu na kama karantawa, ban ko kunna fitila ba. Da safe muka ga fuskarta ta tsage daga jakin, ɗan itacen nan da ake ɗaure tsirkiyoyi a kai, har ƙasa, jakin kuma ya ɗaga.

Na kai wa wani kafinta a unguwarmu, ya juya ta, ya ce ƙaramin aiki ne. Ya zuba mata gam ɗin kujera, ya buga ƙananan ƙusoshi biyu a jakin. Ƙusa fa! Ya karɓi jika biyu. Da muka ɗaure tsirkiyoyin sai ta riƙa ƙara kamar ana buga murfin kwano, kwana uku jakin ya fita da guntun itace a jikinsa. Na koma, ya ce shi kujera ya iya, ni na kawo masa abin da ba nasa ba. Yarinya ta yi sati ba ta cin abincin kirki. Uwar mijina kuwa cewa ta yi alhamdu lillahi, dama ba ta son jikarta ta zama makaɗiya. Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanen nawa har yau gani yake mun wulaƙanta kyautarsa ne, in na kira sai ya ce yana wurin aiki. Yanzu tana rataye a bango, kaɗangare ne ke shiga ciki.

Ɗan Zango
To Mushe ga kiɗan tsoro nan an ba ka kyauta. Ka rataye ta bayan labule, ka jira ta fashe da kanta lokacin da Dodo zai fito.

Maman Ikram
Kai kam komai wasa ne a wurinka.

Bachir, ɗalibi a Jami'ar André Salifou
Allah ya huci zuciyarki Mama, amma ba laifinku ba ne, kuma ba aljani ba ne. Itace zalla yana son danshin iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, mu kuwa nan da hunturu yana sauka ƙasa da 20. Itacen sai ya tsuke, tsirkiyoyi suna ja, dole wani wuri ya buɗe. Abin ma daga Hawai yake, tsibiri ne tsakiyar teku. Mutanen Madera na ƙasar Fotugal ne suka isa can a 1879 da ƴar gitarsu, daga ita aka ƙero wannan. Ba a yi ta don Damagaram ba. Shi ya sa mai arha wadda aka yi da falle-fallen katako da aka manne ta fi jure wa garinmu a kan mai tsada.

Mushe, kar ka karɓi mai tsagar nan yanzu da sanyi ke shigowa, tsagar gaba za ta yi. In dai ka nace sai ita, zura takarda ƙarƙashin jakin, in ta shige ya fara ɗagawa. Sannan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka danna gida na 12 (gidaje su ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyanta) ka sake kaɗawa, murya ɗaya ya kamata ka ji, ta biyun sama da ta farkon. In ta karkace, bar masa kayansa.

Lawali Mai Gita
Shekara 15 ina kaɗa gita a gidajen biki daga nan har Mirriya da Matamai, ban taɓa auna danshi ba. Yaran yanzu sai ku kalli bidiyo biyu ku zo kuna koya wa mutane.

Bachir, ɗalibi a Jami'ar André Salifou
Yaya Lawali, da girmanka, ka taɓa riƙe ukulele?

Lawali Mai Gita
Wanda ya tuƙa tirela ba ya neman a koya masa kabu-kabu.

Hadiza Birni
Jika 22 ta yi yawa. Ni jika 9 na sayo wa ɗana a Kano.

Abdou Canji
Yaushe, Hajiya? Naira nawa aka ba ki a jika a lokacin? Wanda zai faɗi kuɗin kayan Kano ya faɗi watan da ya saya, in ba haka ba ruɗa mutane kawai yake. Ni a Yamai na ga concert an ce jika 35, ba ragi.

Hadiza Birni
Shekara uku ke nan. Mai hoton kifi ce a jiki, shuɗiya.

Bachir, ɗalibi a Jami'ar André Salifou
Hajiya wannan ta wasan yara ce, kunnuwanta ba sa riƙe tsirkiya. Tawa jika 18 na saya hannun wani ɗan Kwatano.

Ɗan Zango
9, 12, 18, 22, 35. Mushe ba wa ƴan CM2 su fitar maka da matsakaici.

Malam Na Bakin Kasuwa
Ni tambayata daban ce. Me ya kai malamin makaranta koya wa ƴaƴan Musulmi kiɗan bikin fatalwa na Nasara? Iyayen sun sani?

Mushen CM2, Garin Malam
Allah gafarta Malam, ba bikin kowa za mu yi ba. Dodo namu ne, tun muna yara kakanninmu ke tsorata mu da shi bayan sallar isha'i. Darakta ya sani, iyaye ma su za su zo kallo. Sautin kawai nake nema.

Baba Mai Gurmi
Ɗana, in sauti kake nema me ya kai ka Kano? Gurmi tsirkiya biyu ne, ƙwarya da fata da sanda, a nan ake yin sa, iskar nan ta san shi ya san ta. In fatar ta saki ka kai ta rana ko bakin wuta. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Taskar ne, jiharmu, da gurmi ya yi suna kafin ya ɗauki biram ya zaga duniya da shi. In kuwa tsoro kake so na gaske, samo mai goge ya ja maka baka sau ɗaya a hankali cikin duhu.

Ɗan Zango
Baba, goge a lakwal? Ranar nan sai ƴan mata uku sun faɗi, a ce Mushe ya kira mutanen ɓoye. Daga wasan kwaikwayo sai ofishin sufeto.

Bachir, ɗalibi a Jami'ar André Salifou
Bari in amsa rabin tambayar da kowa ya tsallake. In ka riƙe ta, daga tsirkiyar sama zuwa ta ƙasa Sol, Do, Mi, La ne. Sauke manhajar saita murya a salula, don sabuwar tsirkiya ta nailan tana yin kwanaki tana saki, kullum sai ka ƙara ɗaurewa, kar ka ce ta lalace. Haɗin muryoyin da ake kira La mineur yatsa ɗaya ne, gida na 2 a tsirkiyar Sol. Kaɗa shi da babban yatsa a hankali, ka bar shi ya mutu da kansa, ya isa shigowar yarinya.

Tafiyar Dodo kuwa akwai kiɗan Edvard Grieg, mutumin Norwe, wanda ya yi wa wasan Peer Gynt a 1875, inda jarumin ya shiga fadar sarkin dodannin dutse. Farkonsa duk a tsirkiya ɗaya za ka yi shi, ta ƙasa, wato La. Gidajen su ne 0 (wato a sake), 2, 3, 5, 7, 3, 7, sai 6, 2, 6, sai 5, 1, 5. Sirrinsa ka fara kamar mai sanɗa, kowane zagaye ka ƙara sauri da ƙarfi. Yaro mai kunne zai kama shi cikin sati biyu. Lokacin da Dodo zai ɗaga kai, kaɗa Do a sake tare da gida na 2 na tsirkiyar Mi. Muryoyin nan biyu ba sa jituwa, Turawan da har sunan Shaiɗan suka laƙaba wa tazarar da ke tsakaninsu, irinta ce goge ke shigowa da ita a Danse macabre na Saint-Saëns. Sai dai ukulele ba ta da ƙara, in a fili za ku yi nemi makirfo.

Malam Na Bakin Kasuwa
Kun ji ko? Da bakinsa ya ce Shaiɗan.

Lawali Mai Gita
Duk wannan a gita ya fi daɗi. Kuma in tsirkiya ta tsinke ana jibi wasa, a wane shago zai samu a Zinder? Ni ta gita ma sai na aika Kano.

Bachir, ɗalibi a Jami'ar André Salifou
Zaren kamun kifi yana yi, in an dace da kaurin. Maganar bushewa kuma, a jiƙa ɗan soso a matse, a sa cikin gwangwani ko robar sabulu mai huji, a aje cikin jakar tare da ita, kar ya taɓa itacen. Duk kwana biyu a sake jiƙawa.

Maman Ikram
Da wani ya gaya mini wannan bara da yanzu ƙanena yana ɗaga wayata. Soso fa kawai. Shi kafintan ko a jikinsa, jiya ma na wuce shi yana shan shayi.

Ɗan Zango
Zaren kifi a Damagaram, inda famfo ke tari? Kuma yanzu gita ma sai an ba ta ruwa duk kwana biyu? Mu kwana huɗu ke nan ko ɗigo, sai dai ta shiga layi bayan akuya.

Hadiza Birni
Ku huɗu ne kawai? Mu sai ƙarfe ukun dare yake zuwa, siriri kamar zare, ni ke tashi tare bokiti. Bidon ɗaya dala 20 wurin ƴan ga-ruwa.

Abdou Canji
Dala 20 a Birni. Ku hau wajenmu ku ji, dala 30 ne, kuma yanzu sanyi ake. Bari Afrilu ta zo. Takardar kuɗin ruwa kuwa ba ta taɓa makara, iskar da ke fita ta famfo ma mita na ƙirga ta.

Maman Ikram
Mu dala 25, in ka yi magana ya tura kurarsa gaba.

Baba Mai Gurmi
Tun ina saurayi ake cewa an kusa gama matsalar ruwan garin nan. Gemuna ya yi fari.

Ɗan Zango
Mushe, yarinya ta fita neman ruwa da tsakar dare, wani ƙato ya hana ta. Ina tatsuniya a nan? Ƙanwata ce shekaranjiya. Ba ka bukatar kiɗa, sa Dodon ya ce bidon dala 50, iyaye za su yi kuka.

Mushen CM2, Garin Malam
Na kwafe lambobin Bachir a kaye, na gode. Ɗan jami'ar ya sauko jika 10, ya ce zuwa gobe da azahar in ba haka ba wani zai ɗauka. Direban Kano kuma jibi zai tashi, yana son jika 3, kuma ya ce in duwan suka tsayar da kaya a Ɗan Barto ba ruwansa. Wa ya taɓa ba direba irin wannan saƙo ya iso bai karye ba?

Abdou Canji
Wane direban? In mai farar Hiace ɗin nan ne, buhun barkono zai ɗora mata a kai.

Hadiza Birni
Jama'a an kawo ruwa Birni yanzun nan, mai bokiti ya tashi.