Neman kalmar Hausa: me za mu kira "gradient" a hanyar keke?

Assalamu alaikum, jama'a. Yau ma na dawo da neman kalma, kuma wannan karon daga kan sirdin keke na ɗauko ta. Kwanakin baya na zauna zan rubuta wa abokan tuƙina bayanin wata hanya da ke ratsa ƙauyuka masu tuddai, don su san abin da za su tarar kafin mu fita. Nisa bai ba ni wahala ba, kilomita kaza ne. Da na zo kan abin da Turawa ke kira gradient sai alƙalami ya tsaya cak. Na tambaya a nan, amsoshi sun yi ta shigowa, ga abin da na tace daga cikinsu.

Bari mu fara fahimtar abin kafin mu raɗa masa suna. Idan aka ce hanya tana da kashi 8 cikin 100, ana nufin duk mita 100 da ka ci gaba, ka ɗaga sama da mita 8. Awo ne na yadda hanya ta tashi. Bai gaya maka tsawon hawan, bai kuma gaya maka ƙololuwar da za ka kai. Wani ɗan uwa ya ɗauka kashi 100 na nufin bango a tsaye. A'a, kashi 100 kusurwar digiri 45 ce kawai, mita ɗaya gaba, mita ɗaya sama. Kashi 10, wanda ke sa ƙato ya tashi daga sirdi yana haki, bai ma cika digiri 6 ba.

Kalmar da aka fi kawowa ita ce gangara. Na gane dalili, don ita ce ta fi saurin zuwa baki, kuma masu fassarar darasin lissafi sukan kama ta. Amma gangara ƙasa take kallo. Ruwa ke gangara, dutse ke gangarowa. Ka ce wa mai keke "gobe akwai gangara mai kashi 9", zai kwana yana murna, ya duba birkinsa kawai, washegari ya tarar da hawan da zai raba shi da numfashi. Kalmar da za ta sa mutum ya yi shirin sauka alhali hawa ke jiransa, ta ci amanarsa.

Tudu kuma shi ne abin da ake hawa, ba awonsa ba. Karkata ta fi dacewa da abin da ya jirkice gefe guda, kamar kayan da aka ɗaure ba daidai ba. Wani malami ya kawo "jinginar hanya", ya ce a dubi tsani: in ka matso da gindinsa kusa da bango ya miƙe, in ka ja shi baya ya kwanta. Hoton ya burge ni ƙwarai, malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai duk wanda ya ji an ce "jinginar hanya ta kai kashi 12", tunaninsa zai tafi kan bashi, ya tambayi wa ya jinginar da ita kuma nawa aka karɓa.

Wadda ta fi cin lokacinmu ita ce tsayi, kuma a nan nake son mu daɗe, don ruɗanin da ke cikinta ya wuce na kalma ɗaya. Abubuwa uku ne mai keke ke son sani game da hanyar tuddai, mu kuma muna neman cusa su cikin buhu ɗaya. Akwai nisan wuri daga doron teku. Akwai yadda hawa ya miƙe. Sannan akwai adadin mitocin da za ka hau gaba ɗaya in aka haɗa kowane ɗan tudu daga farkon tafiya zuwa ƙarshenta.

Ku dubi ƙasar Holand. Kowa ya san ta da shimfiɗa, wurin da ya fi tsayi a ɓangarenta na Turai mita 322 ne kacal. Amma a kudancinta, a yankin Limburg, ana yin tseren Amstel Gold, inda ake hawa ƙananan tuddai sama da sau 30 a yini ɗaya, mitocin da ake hawa in an tara su haura 3,000. Ba dutse ko ɗaya, ga kuma ƙafafu sun mutu. In muka ce "tsayin hanyar mita 3,000 ne", mun yi wa mai karatu ƙarya, zai ɗauka cikin gajimare ake tuƙi. Haka gasar duniya ta tseren keke a kan titi da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a watan Satumbar 2025, karo na farko a Afirka. Birnin kansa yana wajen mita 1,500 daga doron teku, tseren maza ya kai kilomita 267 da ɗoriya, abin da suka hau a jimlace kuma ya wuce mita 5,000. Lambobi biyu ne daban, kowace da aikinta.

Saboda haka ni a ganina a bar wa tsayi aikinsa na asali, wato nisa daga doron teku. Na ukun nan kuma ba ya buƙatar dogon nazari, "jimlar hawa" ta wadatar, ban ga wanda ya ja da ita ba.

Saura na tsakiya. Kalmomi biyu suka rage a faifai: "kaifin hawa" da "tsaurin hawa". Na yi kwana biyu ina tare da kaifi, sai na gwada ta a baki. "Hawan nan yana da kaifi." Kunnena bai karɓa ba. Kaifi na wuƙa ne, na ƙwaƙwalwa, na harshe. Na sake gwadawa: "Hawan nan yana da tsauri." Wannan ko yaro ka faɗa wa ya san ana nufin zai sha wuya. Kuma tana karɓar lamba ba tare da tuntuɓe ba: tsaurin hawan kashi 7 ne, tsaurinsa ya ragu bayan gada, mafi tsaurinsa yana dab da ƙarshe.

Wata baiwar Allah mai koyar da lissafi ta yi gyara mai nauyi. Ta ce tsauri ji ne a jika, abin da ya yi wa wani tsauri wasa ne a wurin wani, shi kuwa wannan awo ba ruwansa da ƙarfin ƙafar kowa. Gaskiya ne, malama, ban musa ba. Amma haka zafi yake, haka nauyi yake. Su ma a jiki aka fara jin su kafin a kawo ma'auni, yau muna cewa zafin jiki digiri 38 ba wanda ke ruɗewa. Kalma takan koyi zama da lamba in an daɗe ana haɗa su.

Abin da ya ƙara min natsuwa da ita shi ne tana iya ɗaukar bambancin matsakaici da mafi tsanani, wanda shi ne ke yaudarar sababbin shiga. Hawan Alpe d'Huez a Faransa kilomita 13.8 ne, matsakaicin tsaurinsa kashi 8.1, da kwanoni 21. Doguwar wahala ce, sai ka nemi giyar da ta dace ka yi haƙuri. Mur de Huy a Beljiyam kuwa kilomita 1.3 ne kawai, matsakaicinsa bai kai kashi 10 ba, amma akwai kwanar da tsaurin ke haura kashi 20. A takarda kamar 'yan uwa ne, a ƙafa kuwa ko kusa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarkon. Taswirar wayata ta nuna min hawa mai kilomita 3, matsakaicin kashi 5, na ce wannan ai shan iska ne. Ashe kilomita biyun farko kusan a kwance suke, duk bashin yana can gaba. Ina karya wata kwana sai na ga kwalta ta miƙe a gabana. Na danna giya, na sake dannawa, na uku yatsana ya danna bai sami komai ba, giyoyi sun ƙare. Na tashi tsaye kan feda, keken yana rangaji hagu da dama, tayar gaba tana neman ɗagawa, gumi yana ɗiga kan ƙarfen tsakiya. Ban kai ƙarshe ba na sauke ƙafa, na tura shi da hannu kamar mai jan akuya mai gardama.

Game da sauka, kada mu takura kanmu mu ce "tsaurin gangara", ba ta da daɗin faɗa. A ce gangara mai kashi 8, an gama. Ƙasar da ba ta da babban dutse sai tashi da faɗuwa kuwa, Hausa ta riga ta ba ta suna tun kafin a ƙera keke: hawa da gangara. Kwanonin nan da ke juyowa su koma inda suka fito, wani ya ce "kwanar ƙugiya", ni dai na karɓa.

To ga yadda na rubuta wa abokaina a ƙarshe: tafiyar kilomita 60 ce, hawa da gangara ce daga farko har ƙarshe, jimlar hawa mita 900, hawa na huɗu ne mai tsauri, matsakaicinsa kashi 6 amma ƙarshensa ya kai 13. Ba wanda ya kira ni neman ƙarin bayani.

Akwai guda ɗaya da har yanzu ban samo mata suna ba. Hanyar nan da ido ke gani a shimfiɗe, alhali tana ɗagawa da kashi 1 ko 2, ka yi ta murza feda gudu yana raguwa, har ka sauka ka duba ko birki ne ya kama taya. Faransawa na kiran ta shimfiɗar ƙarya. Wani ya ce mu kira ta "munafukar hanya", wani ya ce "hawan ɓoye". Malamai, wacce kuka gani?