Tiyatar gwiwar hannu ga masu jifa a besbol: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Uban yaro, daga Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗana mai shekara 19 yana jifa a ƙungiyar besbol ta kwalejinsu. Mako uku ke nan da ya jefa ƙwallo ya ji wani abu ya ce ɗas a gwiwar hannunsa ta dama. Hoton MRI ya nuna jijiyar da ke riƙe gwiwar ta ɓangaren ciki ta yage. Likita ya ba mu zaɓi uku: hutu da allura, ko a ɗinke jijiyar a ƙarfafa ta da wani zare, ko a yi babbar tiyatar da suke kira Tommy John. Ni direba ne, abin da na sani sai wanda yaron ke nuna min a waya. Wanda ya gani da idonsa ya taimaka mana.

Mai gashin ƙashi, daga Arizona:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba shi lafiya. Shekara tara ina wannan aiki, kuma nan jihar ƙungiyoyi da yawa ke turo masu jifansu su yi jinya. Ka fara tambayar likita abu biyu: a ina ta yage, kuma yaya sauran jijiyar take? Idan ɓallewa ta yi daga bakin ƙashi, sauranta lafiya lau, ɗinki da zaren yana yi, kuma matasa ne suka fi dacewa da shi. Idan kuwa ta daɗe tana cinyewa har ta zama kamar tsohuwar igiyar guga, babu abin ɗinkewa, sai an sauya. Nan ne ake ciro wata jijiya daga hannun, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, ko daga cinya, a huda ƙasusuwan a zura ta. Dakta Frank Jobe ne ya fara yin haka a 1974 a kan Tommy John, mai jifa na ƙungiyar Dodgers, wanda ya koma fili a 1976 bai ajiye wasa ba sai 1989. Mai jifa ya sa ran wata 12 zuwa 18 kafin ya koma gasa.

Wata uwa, daga Houston:
Alhaji, sannu da jinya. Nawa yaron zaren aka yi masa yana ɗan shekara 17. Har yau in na tuna kocinsu raina sai ya ɓaci. Ya sa shi jifa ranar Asabar, ya sake sa shi Lahadi, wai gasa ce. Daga baya na ga ƙa'idar Pitch Smart da MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta fitar tare da hukumar USA Baseball: mai shekara 17 zuwa 18 kada ya wuce jifa 105 a rana, kuma in ya jefa da yawa sai ya huta kwanaki. Da na san haka da wuri da ni zan zauna a gefen fili ina ƙirgawa. Ya koma wasa a wata na bakwai. Wahalar farko ita ce abin ƙarfen nan da ake ɗaura wa hannu, ko riga sai na taya shi sakawa, shi kuma ga kunya.

Wanda aka yi wa Tommy John, daga Atlanta:
Baba, bari in faɗi nawa, don kowa labarin shahararren mai jifa Justin Verlander yake kawowa. Gaskiya ne an yi masa a 2020, bai buga 2021 ba, ya dawo ya lashe kyautar gwarzon masu jifa ta Cy Young a 2022 yana da shekara 39. Amma shi aikinsa ke nan dare da rana, da masu kula da shi. Ni kuwa ina gashi ina zuwa aji ina aiki a shago da yamma. Bayan tiyata ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka mutu kusan wata biyu, likita ya ce jijiyar ji da ke bi ta gwiwar ce ta taɓu. Wata huɗu ko ƙwallo ban jefa ba. Ranar da aka ba ni izini, daga 'yan taku kaɗan aka ce in jefa, kamar mai wasa da yaro. Na koma a wata na 14, ƙarfin jifa ya dawo, amma saiti ya ƙi. Inda na nufa daban, inda ƙwallo ke zuwa daban. Kakar wasa ɗaya na ƙara na haƙura. Kada kowa ya ce masa tiyata za ta ƙara masa ƙarfi. Wanda jifarsa ta ƙaru, atisayen shekara guda ne ya ƙara ta.

Mai son ƙungiyar Yankees, daga New Jersey:
Ni a ganina kada a yi saurin yanka. Masahiro Tanaka ya yage tasa a 2014, aka yi masa allurar jininsa da aka tace, ya huta, ya ci gaba da jifa wa Yankees har 2020 ba tiyata.

Mai gashin ƙashi, daga Arizona:
Haka ne ɗan'uwa, amma tasa ƙaramar yagewa ce. Na ga waɗanda suka yi allura suka jira wata uku, suka koma jifa ta sake ciwo, ƙarshe aka yi tiyatar da ake gudu, kaka ta tafi a banza. Kuma ko an yi, ba a gama ba ke nan. Shahararren ɗan wasa Shohei Ohtani an yi masa a 2018, aka sake buɗe gwiwar a 2023, bai koma jifa a gasa ba sai Yunin 2025.

Uban yaro, daga Bronx:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa duka. Ranar Alhamis za mu koma da tambayoyin nan biyu a rubuce, kuma na nemi inshora ta amince mu ga likita na biyu. Ɗan'uwa na Atlanta, in ba damuwa zan so ku yi magana da yaron, don ni ya daina ce min komai tun ranar da aka fito da hoton.