Waɗanda suka kalli fina-finan rayuwa bayan bam ɗin nukiliya, me ya tsaya muku a rai?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na kalli Testament, fim ɗin Amurka na 1983, kuma har yanzu jikina a sanyaye yake. Ba a nuna fashewar bam ɗin ba ko kaɗan. Yara suna kallon talabijin, aka katse da sanarwa, wani farin haske ya cika falo, shi ke nan. Maigidan ya tafi aiki San Francisco bai dawo ba, sai muryarsa da ya bari a na'urar tarho. Matar ta rage da 'ya'ya uku a wani ƙaramin gari, ko bango bai tsage ba, amma gubar tana cikin iska da ruwa. Autan ne ya fara tafiya, ta binne shi a bayan gida. Inda na kasa daurewa shi ne da ta zauna tana ɗinke gawar 'yarta budurwa cikin farin ƙyalle. Ni tela ce, kuma da hannuna na haɗa likkafanin mahaifiyarmu, na san yadda allura ke yin nauyi a irin wannan ranar. Don Allah wanda ya taɓa kallon irinsa ya faɗa mana yadda ya ji.

Nas ɗin Dare: Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu, Allah ya ji ƙan Hajiya. Ni Threads ne ya hana ni barci, wanda BBC ta yi a 1984 kan birnin Shefild na Ingila. Iyali biyu ne aure zai haɗa saboda yarinyar, Ruth, ta sami ciki. Suna gyaran ɗakin da za su zauna, rediyo yana ta labarin rikicin Amurka da Tarayyar Sobiyet a kan Iran, babu mai kula. Haka mu ma muke jin labaran duniya muna wanke-wanke.

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya. Na taɓa karɓar haihuwa da fitilar waya, na taɓa ganin daren da aka kawo mana mutum fiye da ashirin daga haɗarin mota ɗaya, muka rasa gado muka shimfiɗa su a ƙasa. To duk da haka mun san gari zai waye, za a kawo jini, likita zai iso. A asibitin Threads babu wanda zai iso. Ana yayyaga zanen gado a yi bandeji, ana wanke ciwo da gishiri, ana yanke gaɓa babu allurar kashe zafi. Sannan Ruth ta haihu ita kaɗai a wani garken dabbobi, ta yanke cibiya da haƙori. Na tsayar da fim ɗin a nan, na fita tsakar gida na sha iska. Mu da ko ungozoma ba ta zo ba akwai maƙwabciya, akwai ruwan zafi, akwai wanda zai yi wa jariri kiran salla a kunne. Ita ko mai ce mata sannu babu.

Abu na biyu, 'yar da ta haifa ta girma ba ta iya magana sosai ba, sai guntun kalmomi, domin babu wanda ya zauna ya yi hira da ita. Wannan ya fi ƙunar wuta ba ni tsoro.

Malamin Gona: Sista, ni kuma wurin girbi ne a Threads ɗin. Hayaƙin biranen da suka ƙone ya tare rana, aka shiga duhu da sanyi, amfanin gona ya lalace. Babu man tarakta, babu taki, mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka koma kaftu da hannu don a ba su ɗan abin da za su ci. Da farko na ce a raina ai mu mun saba da wannan. Da na yi tunani sai na ga ba haka ba ne. Geronmu da dawarmu rana da damina suke jira, idan sama ta rufe, ruwa ya ja baya, iya riƙe fartanya ba zai fitar da ko zangarniya ɗaya ba. Kakana ya ba mu labarin farin 1973, yadda aka riƙa tonon gidan tururuwa ana neman hatsi. Wannan fa damina ce kawai ta gaza. Kuma mun ga yadda yaƙin Yukiren na 2022 ya taɓa kuɗin fulawa da taki a nan, alhali ko harsashi ɗaya bai faɗo mana ba.

Ɗan Autan Baba: Ni kuskure na yi. Na ga When the Wind Blows zane ne, na ɗauka na yara ne, na kunna mana da Baba da ƙannena bayan isha'i. Tsoho ne da matarsa a ƙauyen Ingila, suna bin takardar gwamnati layi-layi. Ya ciro ƙyauren ɗakuna ya jingina da bango, suka tara matashin kai, wai nan ne mafaka. Bayan bam ya tashi suna ta jiran a zo a taimake su, suka tari ruwan sama suka sha, ba su san guba ce ba. Dasashi ya fara jini, gashin matar ya fara zuba, shi kuma yana ta lallashinta yana cewa ba komai. Ƙannena tun a tsakiya na kore su. Baba bai ce uffan ba har aka gama, sai ya tashi ya shiga ɗakin Inna ya daɗe a can. Washegari ya ce mini ba wautarsu ya gani ba, amana ya gani, mutanen da suka yarda cewa na sama ba za su bar su ba.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, duk waɗannan da kuka lissafa ƙirƙira ce, Allah ya sa su tsaya a ƙirƙira. Ku nemi Black Rain na Japan, na 1989, baƙi da fari, ba na Amurka mai irin sunansa ba. Shi a kan Hiroshima ne, inda aka jefa bam ranar 6 ga Agusta 1945, kuma kafin shekarar ta ƙare kimanin mutum 140,000 sun mutu. Jikata ce ta kunna mini tana fassara mini rubutun. Yarinya ce a hannun kawunta da matarsa. Ba ta cikin gari lokacin da bam ya tashi, amma tana cikin kwalekwale baƙin ruwan sama ya zubo mata. Bayan shekara biyar duk wanda ya fito neman aurenta, da danginsa sun yi bincike sun ji labarin ruwan, sai su janye. Kawun ya je ya karɓo takardar likita cewa lafiyarta ƙalau, ya zauna yana kwafe littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum don ya nuna inda take a ranar. Duk a banza.

Na yi kuka domin na riƙe marainiya, 'yar ƙanwata. Sau biyu ana fasa aurenta saboda raɗe-raɗin ciwon da ya kashe uwarta, duk da takardar gwaji tana hannunmu. Na san tafiyar da kawun nan yake yi da takarda a aljihu, na san murmushin da ake yi maka a zaure alhali an riga an yanke magana a cikin gida. Tawa Allah ya kawo mata miji, 'ya'yanta uku yanzu. Ta fim ɗin kuwa, matar kawun ta leƙa ta tana wanka ta ga gashi yana biyo hannunta.

Nas ɗin Dare: Allahu akbar. Hajiya, Allah ya saka miki da riƙon da kika yi.

Baba Tsohon Hedimasta: Ina makarantar firamare lokacin da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960. Da hunturu ne, kuma kun san iskar hunturu daga arewa take zuwa. Na tuna manya suna taruwa gindin rediyo, duk wanda ya yi tari ko ido ya yi masa ja sai a ce ƙurar bam ce. Mahaifiyata ta riƙa rufe randa da faifai biyu, ta hana mu wasa a waje idan hazo ya yi yawa. Da Faransa ta yi gwaji na uku, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da ita a Janairun 1961. Shi ya sa da ɗana ya nuna mini The Day After, wanda aka ce kusan mutum miliyan 100 sun kalla a Amurka a dare ɗaya cikin Nuwamban 1983, manomin nan da ya kulle iyalinsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne ya tsaya mini. Matarsa tana ta gyaran gado ta ƙi yarda abin ya zo, sai da ya ɗauke ta cak tana ihu.

Malamin Gona: Baba, ashe abin ya taɓa matsowa kusa haka. Wallahi ban taɓa ji ba sai yau.

Maman 'Yan Biyu: Na gode muku duka. Ɗan Auta, nawa shekararsu tara, ba zan nuna musu ko ɗaya ba tukuna. Da asuba da maigidan zai fita kasuwa na bi shi har ƙofa na tsaya har ya sha kwana, ya juyo yana tambayata ko lafiya. Hajiya, na Japan ɗin zan nema, amma sai ƙanwata ta zo ranar Juma'a, ba zan iya kallonsa ni kaɗai ba.